Salular Ranar Talata

Madarunfa, farkon damina

Yaya Ashiru,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan ciraninka a Katsina. Inna tana gaishe ka. Mun yi shuka.

Ka san tun rasuwar jaririnmu matata Zahara'u ta daina barci, ta daina magana. Ungozomar gidan likita ta haɗa ta da wani lokotoro, wato likitan masu damuwa, a Maraɗi, aka ba ta salula yana kiranta duk Talata. Wai dokar aikinsu ce sai tana ita kaɗai, ba mai saurare, har miji. Da ya kira, abin da yake fara tambaya ke nan. Sai in kwashi takalmana in koma gindin itacen bedi kamar baƙo a gidana.

Yaya, kishi nake, ba zan ɓoye maka ba. Ni da na haƙa kabarin yaron ba ta ce mini komai sai sannu da zuwa. Wani ƙato da bai san ko launin ƙofarmu ba, shi take wa kuka har ruwan alwala ya huce. Na nemi ya gaya mini abin da take faɗa, ya ce amana ce. Amana tsakanin matata da wa?

Na ɗauke salular na sa a rumbu cikin gero. Kada ka gaya wa Inna.

Ƙanenka,
Inusa

Madarunfa, bayan noman farko

Yaya Ashiru,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, faɗan ma ya iso.

Talatar da ta biyo bayan ɓoye salular, Zahara'u ta zauna bakin gado tun hantsi, ba ta tambaye ni inda take ba, ba ta ci tuwo ba. Ina gona sai tawa wayar ta yi ƙara. Lokotoron ne. Ashe a dokarsu mara lafiya kan ba da sunan mutum ɗaya da ya fi yarda da shi, wanda za a nema in an ji shi shiru. Ba ta ba da uwarta ba, ba ta ba da yayarta Ɗelu ba. Ni ta bayar. Ya roƙe ni in je in duba ta yanzu, kada in bar ta ita kaɗai.

Na yar da hauya na ruga. Na same ta yadda na bar ta, alhamdu lillahi. Na shiga rumbu da ka, na tono salular na miƙa mata.

Yanzu duk Talata ni ke zama ƙofar gida ina korar yara da masu aron turmi. Jiya na jiyo dariyarta ta bayan zana, karon farko tun rani. Ba ni na ba ta dariyar ba, kuma abin yana ci na har yanzu. Amma ban tashi daga ƙofar ba.

Ka gaida mutanen gidanku.

Ƙanenka,
Inusa