Jarka Mai Jan Zare

Ruwais, Jidda.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, a makwanci mai faɗi da haske. Mu nan lafiya lau muke. Surukarki Rabi tana gaishe ki, ko da yake ba ta san ina wannan rubutu ba. Za ta gani lokacin da kowa zai gani.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike, ban zare ba tukuna. Amma akwai maganar da na riƙe shekara shida ban faɗa miki ba, kuma lokaci ya ƙure mini. Mai gida ya ba mu wata guda mu tashi, zai rushe ya yi sabon gini. Mun samu ɗaki biyu a Madain Fahd, hawa na uku. Komai ya shiga kwali, sai tankin gilashin nan da ke baranda, tsakanin taga da ƙofar ɗakinki. Rabi ta ce wallahi ba zai bi mu ba, ni kuma na kasa taɓa shi kafin in yi miki wannan magana.

Ki tuna ranar da na fara kawo ƙwarin da ke cikinsa. Shekarata ta biyu ke nan a shagon kifin ado na kafilina, wato ubangidan da nake aiki da sunansa. Masu hali sun shiga yayin ajiye tankin ruwan teku a falo, kuma akwai wani ɗan kifi mai zane kamar atamfa wanda ba ya cin abincin gwangwani ko da zai mutu, sai abu mai rai. Abincinsa wasu ƙwari ne na teku, farare, ba su kai tsakin gero ba, tafiyarsu zillo-zillo. A shago kobibod muke ce musu. Wani ɗan Filibin da muke aiki tare ya koya mini kiwonsu, ya ce a gida ake yi, inda babu hayaniya da magunguna.

Kika ɗaga kwalbar da na kawo su a ciki saitin taga, kika ƙanƙance ido, kika daɗe kina kallo. Sannan kika ajiye ta a hankali, kika ɗage bakin zaninki kika nuna mini tabon nan na idon sawunki. Kika ce, "Shehu, uwar kurkunu ka kawo mini gida."

Ni da aka haifa a Jidda, me na sani game da kurkunu? Labarinki kawai. Yadda tsutsar ta fito miki a ƙafa kina budurwa a ƙauyenku, aka riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, kika yi damina guda a kwance. Kuma wata 'yar'uwarki da ta zo umara ta ba ki labarin cewa yanzu malaman lafiya na yawo ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa, suna nuna wa mutane wasu ƙananan abubuwa masu zillo a kofin gilashi, su ne ke ɗauke da cutar. Tun daga ranar ba ki ƙara shan ruwan da ba ki tace da farin ƙyalle ba. Ruwan Jidda fa, Inna, wanda inji ya riga ya tace!

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Na ce waɗancan na tafki ne, nawa na gishiri ne, ba ruwansu da ƙafar kowa. Don in burge ki har na ce ido ɗaya ne da su a tsakiyar kai. Ashe kaina na yi wa. Kika ce, "Ido ɗaya ko? To su ne." Halas, magana ta ƙare.

Amma ba ki kore su ba. Kwalabe suka zama takwas, ga tanki babba da nake ɗibar iri a ciki. Kina zaune a tabarmarki kina kallona ina saita robar iska don kumfa ya riƙa fita ɗai-ɗai, ina ɗiga musu koren ruwan da suke ci da cokali, ina nuna miki matan da ke jan buhun ƙwai a bayansu. Kin ga yadda kwalba ke yin wata biyu ko uku a cike, rana ɗaya a tarar da ita fes, ba ko ɗaya, sai wari. Haka kiwonsu yake, ba wanda garkensa ke daɗewa. Kin kuma gane cewa ruwa na tashi da zafi amma gishiri ba ya tashi, dole a riƙa cikawa da ruwan daɗi, in ba haka ba gishirin ya kashe su. Har ya zama ke ce mai tuna mini: "Ruwan 'ya'yanka ya sauka ƙasa da layi."

Yanzu jarkar.

'Yar ƙarama, fara, da jan zare a hannunta, tana kusurwar sito a bayan buhun shinkafa. Zamzam ɗin da Baba ya ɗebo a zuwansa Makka na ƙarshe, kafin ciwon da ya tafi da shi. Zamzam ba ya yanke mana a gidan nan, amma wannan daban ne. Shekara tara kina ajiye da shi. Kowa ya ji daga bakinki: "Da ruwan da Malam ya ɗebo za a wanke likkafanina."

Ranar wata Laraba ce, tsakiyar zafi. Kwana huɗu ba ruwa a unguwa, wayit, tankar ruwan da ke kawo mana, bai zo ba. Na dawo daga shago da azahar na tarar tankin ya sauka yatsa huɗu, ƙwarin sun kwanta a ƙasa, da ƙyar suke motsi. Ke kina maƙwabta wurin suna. Na shiga sito da gudu ina girgiza jarkoki, duk wayam, sai ɗaya mai nauyi. Na ɗauko, na buɗe, na fara tuttulawa.

Zan iya ce miki kuskure ne, kuma shekara shida haka nake gaya wa kaina. Ƙarya ce. Na ga jan zaren tun ruwan bai kai rabi ba. Hannuna ya tsaya kaɗan, sai na ce ai an riga an ɓata, na ƙarasa juyewa. Kantin unguwa a buɗe yake, Inna, taku ɗari biyu ne, da ruwan roba a jere. Ba ni da wani uzuri.

Washegari da safe wayit ya zo. Na cika jarkar da ruwansa, na mayar da ita bayan buhun shinkafa, da niyyar ranar Juma'a in je Makka in canza. Ban ma tsaya na yi tunanin cewa ko na ɗebo sabo, ba na Baba ba ne.

Ba ki jira Juma'a ba. Ranar Alhamis ɗin nan bayan azahar, ban san abin da ya taɓa ki ba, kika fito da farin yadinki, kika kira maƙwabtanki biyu su taya ki. Ina tsaye a baranda. Kika ɗaura ƙyallen tacewa a bakin baho, kika juye jarkar. Kika kamfaci ruwan da tafin hannu, kika fuskanci gabas, kika kurɓa sau uku. Ta ukun kika riƙe ta a baki, kika daɗe ba ki haɗiye ba. Sai kika ɗago kika kalle ni. Kika ce, "Alhamdulillahi," kika tsoma yadin.

Ke da kika yi sama da shekara talatin kina shan zamzam. Ruwan wayit kuwa ko yaro ya san ƙarnin ƙarfen da yake yi. Na tsaya a wurin ina kallo har kuka shanya yadin a igiya.

Da yamma kika yago wani ƙyalle daga ragowar yadin, kika rufe bakin tankin da shi, kika ɗaure da irin ƙullin da kike yi wa bakin zani, zagaye biyu da jela a soke. Tankin kaɗai, ba ki taɓa kwalba ko ɗaya ba. Ban tambaye ki dalili ba, ke ma ba ki faɗa ba.

Wata biyar bayan nan kika kwanta. Ranar da jiki ya yi tsanani, da hantsi, mutane suka riƙa shigowa neman gafara. Ina bakin ƙofa ina jin ki. Kowa kina ba shi cikakkiya, yadda ake faɗa: na yafe wanda na sani da wanda ban sani ba. Haka kika ce wa Rabi, haka kika ce wa maƙwabta, har mai kawo mana iskar gas. Da na durƙusa na riƙe hannunki na roƙe ki, kika ce, "Na yafe maka abin da na sani, Shehu." Tari ya sarƙe ki. Na jira ragowar. Kika lumshe ido. Kin kai azahar ɗin washegari da rai, amma ba ki ƙara magana ba.

Da wannan yadin aka rufe ki.

Inna, tankin nan bai mutu ba. Kwalabe takwas duk sun mutu na sake su, sun sake mutuwa, har na gaji na bar kiwon a hannun wani. Shi kuwa shekara shida yana nan cike. Na taɓa cire masa iska, na hana shi abinci kwana arba'in, don ya mutu da kansa in huta. Da na leƙa sai na ga sun ma fi da yawa. Na san zamzam ɗin ya daɗe da tashi, na cika tankin da ruwan roba ya fi a ƙirga. Ban ce komai ba, abin da na gani nake faɗa.

Kuma ƙwarin nan haske suke bi, kowane mai kiwo ya sani, da fitila ma muke tara su in za mu kwasa. Na tankin nan ba sa zuwa wajen taga. Gefen ƙofarki suke taruwa, inda babu haske, su yi fari fat a jikin gilashi. Na juya tankin, na ce ko gilashin ne. Kafin la'asar sun koma.

Bayan sadakar arba'in ɗinki na kwance ƙyallen, na ninke, na sa a akwatinki. Wata Juma'a na dawo daga masallaci, rana tsaka, na tarar da shi a bakin tankin, zagaye biyu da jela a soke. Rabi tana gidansu a Hindawiyya satin nan gaba ɗaya, makulli kuma yana aljihuna. Na zauna a ƙasa a barandar har aka kira la'asar. Ban ƙara kwance shi ba, gefe nake ɗagawa in zuba abinci.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. In zan wuce ta barandar nan sai na yi sallama, ƙato da ni da furfura a gemu. Amma abin kunyar shi ne, a ƙarƙashin tsoron akwai murna. Ina ce wa kaina, in ke ce, to kin sani. In kuwa kin sani, laifin nan yana cikin abin da kika yafe.

Na kai maganar wurin wani malami, ban ce ni ne ba, na ce wani abokina ne. Ya yi murmushi ya ce wanke likkafani da zamzam ba farilla ba ne, mamaci aikinsa ke bin sa, abokin nawa ya yi istigfari ya yi wa uwarsa sadaka. Game da tankin kuwa ya ce waswasi ne, a zubar. Gaskiya ya faɗa, na kuma yi sadakar. Sai dai bai ji yadda kika tsaya a tsakiyar magana ba. Ni na ji. Kullum ina juya ta. Wata rana in ce tari ne ya yanke ki, da kin ƙarasa. Wata rana in ce a'a, da gangan kika tsaya, don ki nuna mini kin sani kuma ya wuce. Akwai ranakun da nake cewa ba ki sani ba sam, kin tafi kina murna da ruwan Malam, ni kuma an bar ni a waje da abin da ba ki sani ba.

Na gaji da wannan juyi, Inna. Wallahi na gaji.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan juye tankin a bokitai in kai bakin teku, in mayar da su inda aka ɗebo kakanninsu. Ba zan zuba a magudana ba. Amma ba zan ɗaga shi daga wurinsa ba sai na faɗa da bakina, a gaban mutane, har matan nan biyu da suka taya ki wanki, in suna raye, labari ya kai musu.

Inna, ba da ruwan Baba kika wanke likkafaninki ba. Ni na zubar da shi saboda ƙwari, ina sane. Na cika miki jarka da ruwan wayit, na tsaya ina kallonki kina sha kina godiya ga Allah, ban buɗe baki ba. Na durƙusa a gabanki kina barin duniya, na nemi gafara a dunƙule don kada in ambaci sunan laifin. Ɗanki Shehu ne ya yi wannan, wanda kika goya kina sayar da gyaɗa a bakin masallaci.

To ga shi, Innata. Yanzu ya shiga cikin abin da kika sani.

Ya Allah, Kai da babu abin da ke ɓuya gare Ka, Ka isar mata. Ka wanke ta da abin da ya fi wanda na hana ta, Ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Ka haɗa ta da Baba a inuwa ɗaya. In ta yafe, Ka sanyaya mini zuciya. In ba ta yafe ba, Ka roƙa mini ita, don ni ba ni da sauran hanyar zuwa wurinta. Amin.

Ɗanki mai jiran ragowar magana,
Usman, wanda ke kaɗai ke kira Shehu.