Bunsurun da Muka Mayar Kura

Sitt Nawal, ki taimake ni don Allah, kaina ya kulle.

Ni ɗan ƙungiyar raya tarihi ne a Sakkara ta ƙasar Masar. Duk shekara muna shirya walima irin ta zamanin Fir'aunoni. Shugabanmu Ustaz Mamduh dokarsa ɗaya ce: abin da ke jikin bangon kabari shi za a yi, ba ƙari ba ragi. Bana ya zaɓi wani bango da aka zana bawa yana ɗura wa kura abinci da hannu. Gaban zanen ya rushe tuntuni, amma Ustaz ya ce kowa ya san tukunya ce ke biye.

Muka shiga neman kura, masu kula da namun daji suka fatattake mu. Sai muka sayi farin bunsuru, matata Nagwa ta yi masa zane-zane da lalle, muka raɗa masa suna Kura. Ni aka ba aikin bawa.

To ga inda gizo ke saƙa. Yanzu Kura ba ya cin abinci sai daga hannuna. Yana bi na gidan shayi, ya kwanta a ƙafata. Nagwa har ta fara cewa ita ba ta samu rabin wannan kulawar ba. Ƙungiya kuma ta rabu: wasu sun ce yaudara ce a ba baƙi akuya da sunan kura, wasu sun ce yanka kura zalunci ne ko da ta lalle ce. Ni dai ina son dabbar nan, ba na jin kunyar faɗa. In na hana, Ustaz zai kore ni, ga shi da ƙyar na tashi daga matsayin mai riƙe mafici a walimar. Walima ta ƙarato.

Bawan Kura, Sakkara

Ɗan'uwana Bawan Kura,

Kada ka ɗauki Ustaz mugu. Yana kishin tarihi, kuma bunsuru halal ne, ba wanda zai zarge shi don ya yanka. Masu ƙin yaudarar baƙi ma suna da gaskiya. Sai dai dabbar da ke kwana a ƙafarka ba za ta haɗiyu a maƙogwaronka ba.

Ka kama shi da dokarsa. Bangon ya nuna ciyarwa, bai nuna wuƙa ba. Tukunyar nan a cikin kan Ustaz take, kuma ita ce ƙarin da ya hana. Ranar walima ka durƙusa gaban baƙi ka ciyar da Kura, a gaya musu bunsuru ne, a raba wa kowa gurasa da albasa da wake. Ka kuma ajiye wa Nagwa loma ɗaya ta hannu, ita ma ta yi haƙuri.

Bawan da ke bangon nan shekaru dubbai yana ɗura, ba a taɓa ganin ya yanka ba. Kai ma haka za ka yi, don haka ka tanadi dusa. Allah Ya ja kwananku duka.

Sitt Nawal