A Dawo da Majigin Wankin Hula Filin Hausari

Zuwa ga Shugaban Makarantar Koyon Aikin Majigi,
ta hannun editan jarida.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke ƙarƙashinka da dukan ɗalibai, da fatan ana shan ruwa lafiya. Mu nan Hausari mun gode Allah. Surukata lafiyarta ƙalau in ban da ciwon gwiwa, wanda ya sa yanzu a zaune take salla. 'Yan matan biyu lafiya, ƙaramar ta yi ƙyanda kafin azumi amma ta warke sarai. Ni ma lafiya. Maigidana jikinsa lafiya, sai dai mako uku ke nan bai zauna a ƙofar gida ya yi aikinsa ba, ya koma yi a tsakar gida. Ɗalibinku kuwa, da yake nan hutu, ba ya cin abincin kirki ko da an sha ruwa. Saboda su biyun na ɗauki alƙalami.

Sunana Hauwa, matar Malam Sale mai wankin hula. Asalinmu Kano, amma a nan Yerwa, wato Maiduguri, na haifi duka 'ya'yana. Ɗalibin naku shi ne ɗanmu na fari, ba na kiran sunansa, amma dole in rubuta shi sau ɗaya don ku gane shi: a littafinku Abubakar Sale ne, yana shekara ta biyu. Shekara huɗu da suka wuce na shiga ajin mata na yaƙi da jahilci, da hannuna nake wannan rubutu, ba wanda ya tsara mini. Na aiko ta jarida ne domin abin da zan faɗa da lasifika aka yi shi a gaban unguwa. Ina so waɗanda suka ji wancan su ji wannan.

Na ɗaya, godiya. Ba zan fara da kuka ba alhali alherinku ya fi yawa. Da yaron nan ya ce aikin majigi yake so, ubansa ya ƙi. Ya ce aikin marasa abin yi ne, ya ce ɗansa ba zai ƙare a bakin gidan silima ba. Ni na yi ta roƙo wata da watanni har ya sakar masa. Ban yi da-na-sani ba. Yaron ya tafi wurinku da gaggawa da saurin fushi, ya dawo da haƙuri. Yanzu sai ya zauna ya jira rana ta hau bango kafin ya taɓa kyamara. Yana gaida manya yadda ya kamata, ba ya wasa da salla, duk wata yana aiko mini da wasiƙa da manyan baƙaƙe don in karanta da kaina. Kun ciyar da shi, kun koya masa sana'a. Allah ya saka muku da alheri.

Na biyu, yadda aka yi fim ɗin. A hutun da ya wuce ya zo da kyamarar makaranta. Ya ce an umarci kowane ɗalibi ya ɗauki gajeren fim a kan wata sana'a ta garinsu, shi kuma ya zaɓi ta ubansa. Malam ya ƙi da fari. Maƙwabcinmu Ba Modu wanzami, abokin wasansa, shi ya shawo kansa, ya ce masa sarakuna ma ana ɗaukarsu balle mai wankin hula. Kwana uku aka yi ana ɗauka a ƙofar gidanmu, tun daga safiya da ake kawo huluna masu datti har yamma da mai hula zai zo ya karɓa ya sa a kansa ya dubi madubi.

A cikin aikin akwai wani wuri da nake so ka fahimta, ranka ya daɗe, domin a kansa komai ya ɓaci. In an wanke hula an kifa ta a kan itacen da ke ba ta siffa, mai wanki yakan kuskure bakinsa, ya guntsi ruwan ƙaro, ya fesa mata a hankali yana juya itacen, don ta tsaya da ƙarfi in ta bushe. Bayan haka ta sha rana, a goge ta. Haka Malam ya koya a wurin ubansa, haka duk mai wankin hula a Kasuwar Litinin yake yi. Yaron ya lura cewa in ranar safe ta bugi feshin nan sai ya yi ƙyalli kamar hayaƙi mai haske. Sai ya matso da kyamara dab da fuskar ubansa, ya sa shi ya maimaita har sau shida. Malam yana ta mita, yana cewa bakinsa ya gaji, ƙaron zai ƙare a banza. Daga baya yaron ya rubuto mini cewa malaminsu ya tsayar da fim ɗin a daidai wurin nan ya nuna wa sauran ɗalibai, ya ce su koyi yadda ake aiki da rana. Na karanta wa Malam wasiƙar sau biyu. Ya karɓe ta ya sa a cikin aljihun rigarsa ta Juma'a.

Na uku, abin da ya faru a filin unguwa. A ƙarshen watan Sha'aban, ranar Laraba, motar majigi ta shigo Yerwa. Yaron bai riga ya zo hutu ba, amma ya rubuto cewa za a haɗa gajerun finafinan ɗalibai a zagayen lardi, nasa yana ciki. Malam ya bi abokansa gida gida ya gaya musu. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa tabarma a sahun gaba tun kafin magariba, Ba Modu a damansa, Bulaman unguwa a hagunsa. Ni ban je ba. Filin yana bayan katangarmu, saboda haka ni da surukata da 'yan matan muka zauna a tsakar gida muna sauraren lasifika.

Fim ɗin ba shi da murya, mai bayani ne ke magana a kansa. Na ji an yi na rijiya, an yi na sauro. Sai na ji filin ya ɗauki sowa, yara suna kiran sunan Malam, na san an zo kan namu. Surukata ta riƙe hannuna tana dariya. Mai bayani ya fara da cewa ga wani mutum yana wanke huluna. Can sai muryarsa ta canza, ya ce: "To jama'a, ku duba da kyau. Ga wawan da ke tofa yawu a kan kayan mutane. Haka ake raba tarin fuka gida gida. Wanda ya sa hular nan ya sa cuta a kansa." Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Barbarci, don kada wani ya rasa. Filin ya fashe da dariya. An ce mini fuskar Malam a lokacin ta cika farin ƙyallen majigin gaba ɗaya, kumatu a kumbure, shi kuma yana zaune a ƙasanta. Bai tashi ba har aka gama. Ya naɗe tabarmarsa ya shigo gida, ya wuce ɗaki.

Na huɗu, ba mai bayani nake ƙara ba. Washegari Bulama ya kirawo shi. Mai bayanin mutumin kirki ne, da furfurarsa. Ya ce gwangwanin fim ɗin ya zo masa ba takardar bayani, an jera shi a akwati ɗaya da finafinan lafiya, a jikinsa ba komai sai lamba. Ya ce shekara da shekaru duk fim ɗin da ake ba shi akwai mai hankali akwai wawa, kuma duk inda kyamara ta matso kusa da bakin mutum, to wawan ke nan. Da ya ga ba takarda sai ya yi abin da ya saba. Ya ba Malam haƙuri har da cire hula. Amma haƙurin a zauren Bulama aka bayar, gaban mutum huɗu, zagin kuwa har unguwar Wulari an ji shi. Da rana motar ta wuce wani gari da fim ɗin a cikinta, ban san a fili nawa aka sake kiran maigidana wawa ba.

Yaron ya tabbatar mini ya rubuta takardar bayani shafi biyu, ya miƙa ta a ofishin makaranta tare da gwangwanin. A cikinta har sunan kakansa ya sa, wanda ya fara sana'ar. Tsakanin ofishinku da motar takardar ta ɓace. Wannan shi ne kukana, kuma a kanku yake.

Na biyar, abin da ya biyo baya. Kowa ya san ƙarshen azumi shi ne kakar mai wankin hula. Bara war haka igiyoyinmu uku cike suke da huluna har muna aron tsakar gidan maƙwabta. Bana igiya ɗaya ba ta cika ba. Wasu da suka shekara goma suna kawowa sun aiko an karɓe nasu ba a wanke ba. In Malam ya fita masallaci yara sukan kumbura kumatu su bi shi a baya. Ba Modu ya gwada mayar da abin wasa, ya ce masa ai yanzu ya fi Bulama suna, Malam ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Shekara ashirin da uku nake tare da mutumin nan, ban taɓa jin ya yi tarin da ya wuce na mura ba. In likitoci sun ga fesawa da baki tana da illa, ba mu ƙi ba, a tara masu wankin hula duka a gaya musu, a nuna musu abin da za su yi a maimakonta. Amma ba a ɗauki fuskar mutum ɗaya, wanda ɗansa ya ɗauka don girmamawa, a yi wa gari darasi da ita ba.

Huluna za su dawo in Allah ya yarda, ba su ne suka hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne maganar da Malam ya yi ranar da yaron ya iso. Bai yi masa faɗa ba. Ya bari aka sha ruwa, sannan ya ce masa: "Na ba ka fuskata, ka ga abin da aka yi da ita. Karatun nan ya isa haka." Ya riga ya aika wa ƙanensa mai shagon yadi a Kano cewa a tanadar wa yaron wuri. Yaron bai musa masa ba, ba irin tarbiyyarsa ba ce. Ya ɗora wa kansa laifin, yana cewa da ya sani da ya manna takardar a cikin murfin gwangwanin. Saura wata biyar ya gama, ranka ya daɗe.

Na zauna da Malam na roƙe shi, surukata ma ta sa baki. A ƙarshe ya ce abu ɗaya zai sa ya janye: a wanke shi a inda aka ɓata shi. Saboda haka ga roƙona.

A dawo da fim ɗin filin Hausari a sake nunawa, a ba yaron lasifika ya yi bayanin da bakinsa, da Hausa da Barbarci, shi da aka haifa a nan ya iya duka biyun. In motar ba za ta samu zuwa kafin Salla ba, a aiko da takarda mai hatimin makaranta da ta faɗi ranar da za ta zo, ta kuma faɗi cewa kuskure aka yi, Bulama ya karanta ta a ƙofar masallaci. Malam ya ce wannan ma zai karɓa.

A tsayar da fim ɗin daga zagaye har sai an haɗa shi da takardarsa.

Kada a taɓa aikin mai bayani. Yana da iyali, kuma ya nemi gafara.

Sannan don 'ya'yan wasu: duk fim ɗin ɗalibi a rubuta sunansa da abin da ya ƙunsa a jikin gwangwanin, a raba shi da akwatin finafinan lafiya. Yaran nan iyayensu da maƙwabtansu suke ɗauka, don su ne za su yarda su tsaya musu kyauta. In aka ji abin da ya sami maigidana, ba uban da zai sake tsayawa gaban kyamarar ɗansa.

In da hali kuma, in motar ta zo, a ɗan tsaya da ita a harabar ajinmu na mata. Har yau ban ga fim ɗin ba, sai jin labari. Wannan ba sharaɗi ba ne, kwaɗayi ne kawai.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka girma da lafiya, ya albarkaci makarantar da duk wanda ke koyarwa a cikinta. Allah ya shirya mana zuri'a, ya karɓi ibadarmu a wannan wata, ya nuna mana Salla lafiya.

Ranar Asabar ta bayan Salla yaron zai hau jirgin ƙasa, ko zuwa wurinku ko zuwa shagon yadi. Malam ya ce ranar jajibere zai je tasha ya yanki tikitin, kuma in ya yanka ba ya canzawa. Ina roƙon amsarka ta iso kafin ranar jajibere, ta hannun Bulaman Hausari ko ta wannan jarida. Ko layi biyu ne ya isa, zan karanta masa da kaina.

Wassalam.

Hauwa, matar mai wankin hula,
Hausari, Maiduguri.