Manhajar Ɗiyar Yayana Nake So In Koyar Da Ita

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni malama ce a jami'a, bana aka ba ni kwas ɗin gabatarwa na gina manhajar kwamfuta, aka ce in tsara abin da zan koyar. Tsohon tsarin duk hadda ce, yaro ya fita da sakamako mai kyau, a ba shi aikin wani ya gyara, ya tsaya yana zare ido. Alhali a wurin aiki gyaran abin da wani ya rubuta ya fi yawa. Sai na ce bana za su karɓi aikin 'yan bara, su karanta, su gwada, su gyara.

Na bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ko tashi ba sa yi. Guda ɗaya ce ke aiki sosai, kuma ta ɗiyar yayana ce, wadda ke zaune a gidana. Ta yi wa babanta tela manhajar da ke tura wa masu ɗinki saƙo idan kayansu sun kammala. Tana aiki, amma cikinta, wayyo! Ka taɓa nan, can ya lalace, babu bayani ko layi ɗaya. Irin abin da nake nema ke nan. Ko na goge sunanta kowa ya san tata ce, don har wajen bajekolin sashe an nuna ta. Yayana kuwa duk wanda ya shigo shago sai ya nuna masa. Yarinyar nan ba ta da surutu, wannan aikin ne ya sa ta fara ɗaga kai a cikin mutane. Jiya tana yanka min albasa tana tambayata, wai Gwaggo me za ki koyar bana, na kasa haɗa ido da ita. Shugaban sashe ya ce in koma tsohon tsari in huta. Wallahi ina tsoron in karya mata gwiwa, ina kuma jin kunyar in cuci aji guda.

Gwaggo Cikin Damuwa

Malama, tsarinki mai kyau ne, kada ki jefar da shi. Amma tsoronki ma yana kan hanya, domin ɗalibai ba su iya bakinsu ba, kuma ita ce za ta riƙa haɗuwa da su a harabar makaranta.

Abin da na lura shi ne, kin yi shawara da shugaban sashe, kin yi da ni, ba ki yi da mai aikin ba. Ki zaunar da ita ku biyu, ki buɗe manhajar, ki nuna mata abin da ya yi kyau da inda ya cakuɗe. Wannan haƙƙinta ne ko babu maganar aji. Sannan ki nemi izininta a fili, ki tabbatar mata cewa a'a ma amsa ce, don yarinyar da ke cin abincin gidanki ba za ta iya musa miki cikin sauƙi ba. In ta yarda, ta zo aji a matsayin mai aikin, ɗalibai su tambaye ta cikin ladabi. In ta ƙi, ki zauna ki rubuta taki cakuɗaɗɗiya, zai ci miki hutu amma ba zai ci miki 'ya ba.

Ko me kika yanke, kada ta fara jin aibin aikinta daga bakin 'yan aji. Allah ya ba ki sa'a, ya bar zumunci.