Hirar Mansir da Zomo

Zuwa ga ƙanwata Fati,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙarfin jikin Inna? Ya mutanen unguwarmu ta Ɗan Iya?

Na ga hotunan ranar da kuka kai yara wurin wasan nan mai dabbobi. Yaushe aka buɗe shi? Da na bar Bauchi babu shi. Da gaske ana barin yara su taɓa jimina, ko ta bayan shinge suke leƙenta? Kuma wa ya lallashi ɗana Mansir ya ɗauki zomo, yaron da ko kaza ta gifta sai ya ruƙunƙume ni?

Na lura da hagu yake miƙa masa karas. Ashe bahago ne ban sani ba? Don Allah kada a tsawata masa.

Ni lafiya lau nake. Aikin gidan tsofaffin nan tsayuwa ce tun safe, ƙafa takan kumbura, amma kada Inna ta ji. Sanyin Ingila kuwa, an ce ana sabawa.

Kin ce ya yi ta yi wa zomon hira har aka zo rufe wurin. Me yake gaya masa? Ni a waya "lafiya lau" kawai nake samu, sai ya miƙa miki. In kun koma, ki ɗaukar min muryarsa bai sani ba. Ina so in ji yadda yake magana idan ya saki jiki.

Allah ya saka miki da alheri.

Yayarki,
Khadijatu