Ɗan Ayu na Fatar Rago

Litinin, 10 ga Yuni, 2024

Na samu aiki a lambun shaƙatawa na Alhaji Barau, a nan Birnin Kudu. Yankan ciyawa. Na zaci shanu ya saya, ashe ayu ce aka kawo masa daga Binuwai, lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna a bayan mota. Tun ina yaro nake jin man ayu, man ayu a bakin masu magani, ban taɓa tunanin mai man tana numfashi ba. An saka ta a tankin siminti da bai fi ɗakin matata Hidaya ba. In za ta juya sai ta gogi bango.

Alhamis, 13 ga Yuni

Yahuza mai lasifika ya rubuta a allo: KIFI MAI NONO. Har ƙananan kifaye ya watsa mata, gwanin sani. Ba kifi ba ce. Hanci take fitarwa ta ja iska, leɓenta kamar na saniya. Sai dai ciyawar tawa ma ba ta taɓa ba.

Bayan Sallah zan kai maraƙin saniyata Kyalla kasuwar Gwaram. Ita kaɗai ta rage mini daga garken Baba, amma rufin ɗaki yana yoyo, Hidaya ta gaji da tara kwanoni.

Asabar, 15 ga Yuni

Na shiga wankin tanki, ta mirgina, na ga hammatarta. A nan nononta yake, a kumbure, yana tsattsafowa. Shayarwa take yi. Na tambayi direban da ya kawo ta ina ɗan. Ya ce, "Ragar ba ta ɗauki biyu ba, Malam Manu." Ya ci gaba da taunar goronsa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sallah. Lambu ya cika maƙil. Yara suna jefa mata alewa, wani ƙato mai gemu yana zungurarta da sanda don ta motsa ya ɗauki hoto. Mata kuwa suna jan Yahuza gefe, wai ko ana samun man. Ta kwanta a ƙasan ruwa, fuskarta na kallon bango.

Talata, 18 ga Yuni

Dabara ta zo mini. A rugarmu idan maraƙi ya mutu, Baba yakan feɗe shi, ya cusa ciyawa a fatar, ya ɗinke, ya ajiye wa uwar. Sai ta lasa, hankalinta ya kwanta, ta koma kiwo. Na roƙi fatar ragon layyar Alhaji, na aske gashin, na cika ta da ƙaiƙayi. Hidaya ta same ni ina ɗinki ta ce, "Baban Murja, yau kuma ungozomar kifi ka zama?" Na ce ta jira ta gani.

Laraba, 19 ga Yuni

Na saka mata. Ta zo a hankali, ta shinshina, ta jawo shi ƙarƙashin hammata. Da la'asar ta ci ciyawa! Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Duk wanda na haɗu da shi a hanyar gida sai da na ba shi labari.

Juma'a, 21 ga Yuni

Fatar ta sha ruwa, ta fara nutsewa. Sai uwar ta bi ta, ta ɗora ta a gadon baya, ta ɗago ta sama don ɗan ya ja numfashi. Ya zame, ya koma ƙasa. Ta sake bi. Haka tun safe.

Maraƙin Baba a ƙasa yake tsayawa, ba ya neman iska. Wannan ban kawo shi a raina ba. Ta daina cin ciyawar, ba ta da sukuni.

Asabar, 22 ga Yuni

Na ce wa Alhaji a cire. Ya ce, "A cire me? Ka leƙa waje ka ga layi?" Yahuza ya riga ya sake allo: UWA DA ƊA. Duk ɗagowar da za ta yi sai a tafa mata. Wata tsohuwa ce kawai na ga ta ja jikokinta ta fita tana salati.

Litinin, 24 ga Yuni

Na shiga tankin kafin a buɗe ƙofa, ba da izinin kowa ba. Fatar ta ruɓe, ruwan yana ɗoyi, bayan uwar ya tsattsage saboda rana. Na kai hannu. Ta sa jikinta a tsakani. Ba ta cizo, ba ta da ƙaho, ba ta da komai. Wani ɗan kuka ta yi, siriri kamar na ɗan tsako, ga wannan uban jiki. Fatar tana hannuna, na sake ta. An raba ta da ɗaya, ban iya raba ta da na biyu ba. Ban sani ba ko tausayi ne ko tsoro.

Talata, 25 ga Yuni

Har yanzu tana ɗagawa. Ba ta kai shi sama sosai.

Laraba, 26 ga Yuni

Ta mutu da hantsi, fatar ragon tana kan wuyanta. Kafin azahar mahauta sun iso, masu kwalabe sun fi 'yan kallon Sallah yawa. Alhaji ya miƙo mini 'yar kwalba ta man, ya ce, "Ka kai wa iyali, ka yi ƙoƙari." Na bar ta a kan katanga. Ina fita na ji shi a waya yana cewa a nemo wata, amma wannan karon har da ɗan na gaske.

Asabar, 29 ga Yuni

Gwaram. Tun da na kwance maraƙin Kyalla take kuka, har na hau titi ina jiyo ta. A kasuwa wani dillali ya buɗe bakin maraƙin, ya daddanna haƙarƙari, ya fara magana.

Mun dawo tare da maraƙin. Na ce wa Hidaya kasuwa ba kyau. Ta dube ni, ta dubi maraƙin yana dukan hantsar uwarsa da kai. Hadari ya taso, ta shiga jera kwanoni.

Kasuwar ba laifi. Ban tsaya na ji tayin ba.