Gorunan da Ba Su Hau Sikelina Ba

Litinin, 3 ga Maris

Na fara aikin kammala digiri. Kwana goma sha huɗu a jere zan auna sharar hostel ɗinmu: in zazzage durom huɗu a kan tamfol da bakwai na safe, in ware ragowar abinci, leda, takarda, gwangwani da gorunan ruwa, kowanne in ɗora a sikeli. Yaya ya kira, wai yaya digirin bola? Shi da ya karanta lissafi yake zaune a shagon Baba yana korar ƙuda.

Alhamis, 6 ga Maris

Warin ya bi ni har aji. Wadda ke kusa da ni ta ja kujerarta. Ta ja mana, rabin abin da nake tonowa daga ɗakinsu ya fito.

Litinin, 10 ga Maris

Jan Biro, malamin da ke duba aikina, ya watso mini takarduna. Wai ɗalibai ɗari uku, a wannan zafin, gorunan ruwa ba su kai kilo ɗaya a rana ba? "A kan katifa kika zauna kika ƙirƙiro lambobin nan." Ni da farcena ya yi baƙi! Ya ce in ban kawo na gaskiya ba, mu haɗu baɗi. Shekara guda cur, kuma Yaya ya samu abin dariya har ya tsufa. Na tattara takarduna na fito cike da haushi.

Talata, 11 ga Maris

Na kama ɓarauniyar. Na sauko da ƙarfe shida na safe, sai ga Inna mai shara rabin jikinta a cikin durom, tana tsame goruna tana cusawa a buhu. Ashe kullum sai ta kwashe kafin in zo, ni kuma in auna saura kamar wawiya. Na ce Inna, kin san kin kusa jawo mini maimaita shekara? Ko ɗagowa ba ta yi ba. Wai, "'Yar nan, shekara goma sha ɗaya ina wannan, ban taɓa jin shara da mai ita ba." Na ce yau ta ji. Na rubuta ƙara shafi biyu na kai wa shugabar hostel. Har da kalmar zagon ƙasa na sa, kuma ta yi mini daɗi.

Laraba, 12 ga Maris

An dakatar da Inna. Ni cewa na yi a hana ta taɓa durom, ban ce a kore ta ba. Ba ruwana.

Juma'a, 14 ga Maris

Kilo goma sha tara na goruna yau. Ga lambar da Jan Biro yake so. Amma duk sun kwana cikin miya da mai, sun yi kaca-kaca, na auna su kuma motar shara ta haɗa da komai ta tafi juji. Fasasshiyar kwalba ta huda safar hannuna ta yanke ni a yatsa. Kwana tara ban taɓa cin karo da kwalba ba. Sai yanzu na gane wa ke cire su.

Asabar, 15 ga Maris

Layin ƙarshe a jadawalina shi ne abin da aka ceto aka sake amfani da shi. Sifili nake rubutawa tun farko, amma sai ranar Laraba ya zama gaskiya. Shekara huɗu ana koya mini yadda za a ɗaga lambar nan, ni kuma da takarda biyu na mai da ita sifili. Haushin kowa nake ji yau, har biron.

Lahadi, 16 ga Maris

Na leƙa rumfar Inna a bayan tankin ruwa, ta zo kwashe kayanta. Buhuna a jere, goruna a wanke, farare daban, masu launi daban, murafu a bokiti. Ta murza wata roba a kusa da kunnenta ta jefa gefe, wai wannan masu sayen roba su narkar ba sa karɓa. Na duba ƙasan robar, lambar da muka haddace a aji ce, ta robar da ba a sake narkarwa. Ita ba ta ma san akwai lamba ba. Ta kalli yatsana ta ce, "Ba a cusa hannu ta tsakiya, ta gefe ake bi." Shi ke nan abin da ta ce mini. Da zagina ta yi da ya fi sauƙi.

Talata, 18 ga Maris

Na janye ƙarar jiya. Shugabar ta sa na tsaya awa guda a ƙofa, ta yi mini wankin babban bargo, sannan ta ce Inna ta dawo. Jan Biro ya yarda in sake daga farko, a auna buhunan Inna a sa su a layin ƙarshe, wai ai nan ne aikin yake. Da bai iya faɗa tun farko ba?

Sabon kwana na ɗaya ke nan. Na sauko da shida, don aikina ne kawai, ba don komai ba. Ita ke tsamowa, ni ke riƙe buhu. Ta ce ban iya riƙewa ba, in buɗe bakin da kyau. Na buɗe.